Rewayan Agege da ya raba Camry ɗina da zafi, da inda bai burge ni ba

Duk mai bin hanyar Ketu zuwa Mile 12 ranar da tireloli suka sauko da kayan gwari ya san ba tafiya ake ba, rarrafe ake, to a nan ne motata ta mayar da ni abin kallo har sau uku cikin wata ɗaya. Camry ce ƙirar 1999, wadda 'yan Legas ke cewa fensir layit, injin lita 2.2, na saye ta hannu na biyu ko ma na uku Allah masani. Ina zaune a Agege, sana'ata albasa a kasuwar Mile 12, kullum ita ce ƙafata. Matsalarta ɗaya ce tak, in hanya a buɗe take allurar zafi ba ta ko kai rabi, amma da na shiga go-sulo na yi minti goma sha biyar zuwa ashirin sai ka ga allura ta fara hawa a hankali kamar farashin shinkafa, kafin kace me ta doshi ja. Karo na ukun wlh sai da tururi ya fito ta gefen bonet, masu danfo na ta danna min ham suna zagi da Yarbanci, ni kuma idona na kan madubi kar masu jan mota su iso, don in suka ɗaura maka sarƙa kuɗin da za ka kashe ya fi na gyaran.

Kafin in kai ga mutumin da nake son yin magana a kansa sai da na zaga gareji biyu, ba zan faɗi ko na su waye ba. Na farko suka ce lagireto ne ya toshe, aka wanke, ba ta daina ba, aka ce to a canza shi gaba ɗaya, na canza. Kwana huɗu ta sake yi min a daidai Ojota. Na biyu ko bonet bai gama buɗewa ba yace Alhaji gaskit ne ya ƙone sai an sauke kan injin, ya lissafo min kuɗin da na ji kaina ya sara. Allah ya taimake ni ban da kuɗin a ranar, da yanzu an farke min injin lafiyayye a banza. Wani direban tirela ɗan Sakkwato da ke kawo mana kaya ne ya ji ina ba da labari a rumfa, yace motar da ke sanyi a guje ta yi zafi a tsaye ai ba ta bakanike ba ce, ta rewaya ce, ka je ka nemi wani dattijo a Agege ba nisa da gadar Pen Cinema.

Wurin ba shi da allo ba shi da suna, wani lungu ne bayan masu faci, rumfar kwano ɗaya da benci da wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da wayoyi. Dattijon haifaffen Agege ne, iyayensa 'yan Kano, Hausarsa garau amma in ya juya kan yaransa sai ka ji ya koma Yarbanci kamar an canza tasha. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi. Na isa wajen ƙarfe tara, bai taɓa motata ba sai bayan sha ɗaya, wannan kuma zan dawo kansa.

Abin da ya fara burge ni, bai ɗauki ko sukundireba ba sai da ya gama yi min tambayoyi kamar likita. Yaushe take zafin, a tsaye ko a guje? In ka kunna esi ƙaruwa yake? Ruwa na raguwa ko da ba ta tafasa ba? Da safe in ka tayar da ita tana farin hayaƙi mai yawa da ba ya ɗaukewa? Wa ya taɓa ta a baya-bayan nan? Da na gama amsawa sai yace, "Alhaji, in mota na gudu iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, fanka hutawa take. In ta tsaya ne fanka ke karɓar aiki. Taka tana faɗa maka da bakinta cewa fanka ce, kai kuma ka je ka sayo lagireto." Na ce Baba ai fankar na juyawa, da idona nake gani, tun daga kunna makulli ma take tashi. Ya kalle ni yace to wannan ɗin ma ciwo ne.

Maganar gaskit ya fara kashewa tunda ita ce ta fi tsada. Injin ya riga ya huce saboda jiran da na yi, ya buɗe murfin lagireto ya cika ruwa har wuya, ya sa aka tayar, muka tsaya muna kallon bakin. Yace in gaskit ya ƙone za ka ga kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, saboda iskar da ke cikin silinda ce ke kutsowa hanyar ruwa. Namu shiru, in ban da 'yan ƙwaya biyu uku na farko. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya duba, ya buɗe murfin mai ya leƙa ƙasansa, yace da ruwa ya haɗu da mai da ka gan shi kamar shayin da aka cika wa madara. Ya matsa babban tiyo na sama da hannu, bai yi tauri kamar dutse ba alhali injin bai ɗau zafi ba. Yace gaskit ɗinka na nan da rai amma ka kusa kashe shi, kan wannan injin alminiyam ne jikinsa kuma baƙin ƙarfe, in ka ci gaba da dafa shi kan zai lanƙwashe, lokacin kuma wancan bakaniken zai yi gaskiya.

Daga nan ya koma kan fankokin, guda biyu ne a bayan lagireto, ɗaya ta injin ɗaya ta esi. Ya aiki yaro ya samo fallen jarida, ya kara ta a gaban mota ta wajen ragar nan. Ɓangare ɗaya takardar ta manne amma da ƙyar, ɗaya ɓangaren kuwa turo ta waje ake yi, tana kaɗawa tana dawowa wajenmu. Ni dai na tsaya baki buɗe. Ashe lokacin da aka canza min lagireto an yanke wayoyin fankar esi, da aka zo haɗawa aka juya su, mai wuta ta koma gurbin ta bodi, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, irin wannan fankar kuwa in ka juya mata waya baya take juyawa. Wato ɗaya na janyo iska ciki ɗaya na tura zafin injin waje ta cikin lagireto, suna kokawa da juna ni ina biyan kuɗin mai. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Kuma da ido ba za ka gane ba, juyawa dai kake gani da ƙara.

Amma Baba yace wannan ba shi ne asalin ciwon ba, tunda tun kafin a canza lagireto take zafi. Ya ɗauko mitarsa, wata 'yar rawaya da aka ɗaure bayanta da roba, ya ɗora a kan batir injin na aiki, volt 14 da ɗan ɗoriya, yace altaneto lafiya. Ya je ya ɗora a bakin fankar injin tana juyawa, volt 9 da wani abu. Ya nuna min yace, "Ina sauran biyar ɗin suka tafi? A hanya suke zubewa, su za mu bi." Wannan kalmar ta zauna min. Yaransa sun so su kawo testa, wannan mai ƙwan fitila, ya daka musu tsawa yace ƙwan testa ko da silin waya ɗaya ya rage zai kama, fanka kuwa kusan amp 10 take ja, wayar da za ta kunna ƙwai ba lallai ta iya ɗaukar fanka ba, shi ya sa ake aunawa tana cikin aiki ba a kashe ba.

Ya bi wayar da hannu tun daga fanka, sai ga shi ba ta nufi akwatin fis ba sam, wata siririyar jar waya ce irin ta sifika aka ja ta bayan batir aka cusa ta cikin mota har wajen makulli. Dairek kenan da wani ya yi tun kafin motar ta zo hannuna, ba fis ba rile, wato ɗan makunnin da ke ba fanka wuta ya kuma yanke, fanka biyu a kan waya ɗaya da ko rediyo ban yarda ta ɗauka ba. A tsakiya akwai wani ƙulli da aka naɗe da baƙin tef, ya ce in taɓa, na taɓa na janye hannu don zafi. Da ya warware tef ɗin, wayoyin murɗe su kawai aka yi, sun yi baƙi sun yi kore, rabin silin sun karye. Soket ɗin fankar ma gefe ɗaya ya narke ya koma ruwan ƙasa. Sai wayar bodi, wadda aka ɗaure da noti a ƙasan fitila, tsatsa ta cinye wurin, ka san ruwan Legas, in damina ta kankama mota iyo take a wasu titunan. Ya ce wayar da ta fara ƙonewa, in ta ɗau zafi ƙara hana wuta wucewa take, to ka ga a go-sulo lokacin da ƙarƙashin bonet ya zama tanda, lokacin da ake buƙatar fanka da ƙarfinta, a lokacin ne take samun wuta mafi ƙaranci. Shi ya sa kowane gareji na je da safe sai a ga fanka na juyawa ace lafiyarta ƙalau.

Abin da ya ba shi dariya, ni kuma ya ba ni haushi, yace a wannan Toyotar in ma dairek ɗin kake so ba sai ka ja waya ba, soket ɗin suwic ɗin zafi kawai za ka zare fanka ta tashi. Ya bayyana min yadda abin yake. Suwic ɗin yana ƙasan lagireto cikin ruwa, in ruwa da sanyi a haɗe yake, shi ke riƙe rile ya hana fanka tashi, in ruwan ya kai wajen digiri 93 sai ya saki, fanka ta tashi, in ya sauko ƙasa da 83 ya sake haɗewa ta tsaya. An yi shi haka ne don ko waya ta tsinke fanka ta kama aiki maimakon ta mutu. Yace tsofaffin Honda irin su Accord ɗin nan da ake ce wa Bebi Boi akasin haka ne, nasu a buɗe yake sai zafi ya kai ya haɗe, shi ya sa in za ka gwada ta Honda sai ka haɗa baki biyun soket da 'yar waya, ta Toyota kuwa zarewa kawai. Yace rabin ɓarnar da ake kawo masa daga nan take, yaro ya koyi Honda ya zo ya yi wa Toyota aikin Honda. Rile ɗin ma haka, uku ne na fanka a motar kuma ba iri ɗaya ba ne, na farkon aikinsa a juye yake, ba kowane ka tsinta a akwati za ka cusa a gurbinsa ba.

Da ya buɗe akwatin fis ya gano dalilin da ya sa aka yi dairek tun farko. Fis ɗin fanka mai amp 30 ya taɓa ƙonewa, wani ya naɗa masa silin waya a madadinsa, daga baya rile ya gasu, maimakon a nemi abin da ke ƙona fis sai aka tsallake gidan gaba ɗaya. Abin da ke ƙona shi kuwa ita kanta fankar injin ce. Ya ciro ta ya ba ta wuta kai tsaye daga batir da wayoyi masu kauri, ta yi shiru, ya ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukundireba sai ta zabura ta tashi tana wani gurnani. Yace kabon ɗinta ya cinye, in ka juya ta da hannu ma za ka ji tana cijewa, shekara nawa tana juyawa tun daga kunna makulli har kashewa ba hutu alhali an yi ta ne ta riƙa tashi tana tsayawa. Ta esi ɗin lafiyarta lau, juyin waya ne kawai.

A nan muka yi 'yar jayayya kan tamostat. Ya kwance gidansa ya tarar wayam, an cire. Ni a sanina ai haka ake yi, duk motar da ta shigo Najeriya a cire tamostat a yi fanka dairek, wai na ƙasar sanyi ne. Na faɗa masa haka. Yace, "Alhaji, a Saudiyya da Dubai akwai Camry ko babu? Can da nan ina ya fi zafi?" Na yi shiru. Yace tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, a zafin Legas minti kaɗan ya buɗe, ba ya hana ruwa yawo in injin ya ɗau zafi, aikinsa ya kai injin zafin da aka tsara masa ya riƙe shi a nan. In babu shi, injin na yini da sanyi-sanyi a buɗaɗɗiyar hanya, kwamfutar motar na ganin har yanzu bai ɗumama ba tana ta ƙara masa mai. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa ba wanda za a ce wa mota na shan mai a banza ya ƙi saurara. Na yarda amma da sharaɗi, nace in ta sake zafi shi zan fara cirewa. Yace in ta sake zafi ka dawo ka karɓi kuɗinka.

Kaya ba ya sayarwa kuma ba ya karɓar kuɗin kaya a hannunsa, wannan ƙa'idarsa ce. Ya rubuta min a bayan kwalin sigari, fanka tokumbo ɗaya, rile, fis 30, soket ɗin fanka da guntun wayarsa, suwic ɗin zafi, tamostat da robarsa, murfin lagireto mai lambar matsi 0.9, ruwan kulan, ya haɗa ni da babban yaronsa muka tafi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. Wanda bai taɓa shiga Ladipo ba, kar ya je shi kaɗai ranar farko, tun daga bakin titi ake tare ka ana tambayar me kake nema, amma kaya kam akwai, ko kusar motar 1999 kake so za a zaro maka. Yaron ya san aikinsa, duk fankar da aka kawo sai ya juya ta da yatsa ya ji, ya sa an ɗora ta a batir a gabanmu, sai a ta uku ya yarda. Murfin kuma na so in yi musu don nawa sabo ne ya zo da sabon lagireto, ashe sifirin ɗinsa laushi ne kamar na biro. Baba ya riga ya gaya min cewa ruwa a buɗe digiri 100 yake tafasa, murfi mai kyau ne ke matse shi ya kai kusan 120 bai tafasa ba, in murfi ba ya riƙewa ruwa zai riƙa gudu zuwa robar gefe tun injin bai kai ko'ina ba.

Mun dawo bayan la'asar, na zaci za a ɗaura kawai in tafi. Ina. Suwic ɗin da muka sayo sai da ya gwada shi, ya tura aka karɓo ruwan zafi a gwangwani wajen mai shayin bakin lungu, aka ɗora a kan risho, ya tsoma bakin suwic ɗin ya maƙala mita, mita na ƙara tiii, muna tsaye har ruwan ya fara ƙananan ƙwai yana shirin tafasa sai ƙarar ta ɗauke, ya sauke gwangwanin, bayan ɗan lokaci ƙarar ta dawo. Tamostat ɗin ma ya jefa shi ciki muka ga ya buɗe baki. Mai shayin na ta mita wai an mayar masa da risho gareji. Magariba ta kawo jiki yace sai gobe, na bar motar na hau Keke Marwa na koma gida raina ba daɗi.

Washegari ya zare jar wayar nan gaba ɗaya ya miƙo min yace in ajiye tarihi. Ya nemo asalin wayoyin motar da aka yanke aka cusa a lungu, duk inda zai haɗa sai ya fere ya like da dalma ya sa robar nan da ke tsukewa in ta ji wuta, ba murɗe-murɗe. Wurin wayar bodi ya goge da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ya sa sabon noti ya shafa giris a kai. Ya mayar da wayoyin fankar esi daidai. Wajen sa tamostat ya nuna wa yaron wani ɗan ƙaramin rami mai ɗan ƙarfe yana lilo a gefensa, yace wannan sama yake kallo don iska ta samu hanyar fita. Suka zuba kulan, suka bar injin na aiki murfi a buɗe har iskar ciki ta gama fita suna ƙarawa, sannan aka rufe.

Gwajin ƙarshe shi ne ya fi tsawo. Mota a tsaye, rana tsaka, ba esi, fanka shiru. Ni fa gabana faɗuwa yake don na saba jin ƙararta tun daga makulli, allura ta hau ta kai kusan rabi ta tsaya, ina ta kallon Baba shi kuma yana cin gyaɗa. Can sai ji muka yi fuuu ta tashi da wani ƙarfi da ban taɓa ji a motar ba, ta yi ƙasa da minti ɗaya ta tsaya. Ya sa muka jira ta yi haka sau uku. Ya ɗora mita tana cikin juyawa, volt 13 da rabi. Ya kunna esi, biyun suka tashi tare a hankali, yace haka aka tsara, a nan raba wutar suke, in zafi ya ƙaru kowacce ta samu cikakkiya su zabura. Ya sake kara jaridar, wannan karon ta manne ɓangare biyun kamar an sa gam.

Kuɗin aikinsa dubu 20 ya ce, na roƙa ya bar min a 18, ba ya son ciniki kuma fuskarsa ta nuna. Kaya sun ci min kusan dubu 65 a lokacin, fankar ce ta fi tsada, farashin Ladipo kuwa yau daban gobe daban kar wani ya riƙe wannan. In ka haɗa duka bai kai abin da na kashe a wankin lagireto da sabon lagireton da ban buƙata ba, balle kuɗin sauke kan injin.

Inda bai burge ni ba kuwa akwai. Mutumin nan ba ya sauri ko kaɗan kuma ba ya bin layi yadda ya kamata, ina zaune wani tsohon kwastomansa ya zo da matsalar kik ya bar tawa ya koma can kusan awa ɗaya, ko haƙuri bai ba ni ba. Aikin da na ga za a iya gamawa a yini ɗaya ya ci min kwana biyu, kwana biyu kuwa a kasuwar albasa ba wasa ba ne. Waya ba ya ɗauka, in ka kira sau biyar ka yi sa'a yaro ya ɗauka yace Baba na ƙarƙashin mota. Wurin zama benci ɗaya ne rabinsa a rana, in an yi ruwa kuma lungun caɓi ne, na ga alamar inda tayoyi suka nutse. Ba rasit ba komai, alƙawarin dawo da kuɗi a baki ne kawai. Yaransa sun bar min shatin baƙin mai a kujerar direba da sitiyari, sun karya maƙalin murfin akwatin fis ɗaya ba su faɗa ba sai a gida na gani, yanzu da igiyar roba na ɗaure shi. Bakinsa kuma da kaifi, in kai mai saurin fushi ne za ku ɓata, ni sai da ya ce min masu zuba wa injin piya wata mai sanyi yana tafasa su ne abokan arzikin masu sayar da kan injin, alhali na gaya masa da bakina na yi hakan a Ojota. Gaskiya ya faɗa amma a gaban yara ya faɗa.

Ya kuma ja min kunne kan abin da na riga na sani amma nake yi, kar in kuskura in buɗe murfin lagireto injin na zafi, ruwan a matse yake, fuska yake nema. Ya nuna min tabo a damtsensa tun yana yaron gareji. In allura ta hau a go-sulo, a kashe esi, a nemi gefe a kashe injin, a ɗaga bonet a jira ya huce da kansa ko da rabin awa ne, sannan a duba ruwa.

Yau wata biyu da 'yan kwanaki. Na shiga go-sulon Ketu ya fi a ƙirga, ranar nan ma na yi sama da awa ɗaya a kan gadar Third Mainland da esi a kunne ina kai wani baƙo Obalende, allura na nan ƙasa da rabi kaɗan kamar an zana ta, a guje ma nan take ba ta faɗuwa ƙasa kamar da. Mai kuma na lura ya ɗan ƙara kai ni, ban auna da lita ba amma aljihuna ya ji. Ruwa sau ɗaya na ƙara kofi guda a satin farko, tun daga nan ban sake ba. Abin da ban saba da shi ba har yanzu shi ne shirun safe, in na murɗa makulli ban ji fanka ba sai gabana ya faɗi kafin in tuna.

Gilashin baya na dama ya daina sauka tun makon jiya, nasan waya ce a cikin ƙofa. Wajensa zan kai, amma sai ranar da ba a sauke kaya ba, kuma zan tafi da tsohon zani in rufe kujera da kujerar roba tawa ta zama.